Ayarin Da Ke Dawowa Hannu Rabbana

Duk ɗalibin Hausa da Allah ya ƙaddara masa yin karatu a nan Kurmi ya san cewa rabin karatunsa a zango yake yin sa. A aji ana koya mana nahawu da tsarin sauti da tarihin adabi, amma idan kunne ya yi ƙishin jin Hausa tsagwaronta, sai mu gangara zangon Hausawa da ke bayan jami'a, mu zauna a bencin wani dattijo mai shayi. Mutumin Tasawa ne, ta jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya kuwa haura shekara talatin yana tafasa ruwa a wannan wuri. Baba muke ce masa, shi kuma yana kiranmu malaman gobe, wani lokaci da gaske, wani lokaci da zolaya. A kan wannan benci ne aka yi mana tambayar da ta fi duk wata tambayar jarrabawa wuya, har yau kuwa ba mu gama amsa ta ba.

Wani dare ne muna gardama a kan Magana Jari Ce, domin washegari muna da gwaji. Mun rikice a kan dangantakar Musa da Mahmudu, wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba haka ba. Baba yana fifita gawayi, bai ko ɗago kai ba, ya warware mana zancen. Daga nan ya zarce da labarin yadda aku ya riƙa ɗauke hankalin ɗan sarki da hira har gari ya waye, ya gangaro kan Ruwan Bagaja, ya ba mu labarin ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, yana yi yana dariya har da share hawaye. Da muka tambaye shi inda ya san waɗannan, sai ya ce wansa ne ke fatauci zuwa Kano ta hanyar Jibiya, shi ya riƙa zuwa musu da littattafan a cikin buhun kaya. Shi kuwa ya koyi haɗa baƙi da wasali ne a ajin yaƙi da jahilci na garinsu.

Abin ya yi mana daɗi ƙwarai, har ɗayanmu ya soma jawabi a kan yadda alƙalamin Abubakar Imam ya rushe iyakar da Turawa suka shata. Baba ya bari har ya dasa aya, sa'an nan ya ce, "Madalla, malaman gobe. To ni na karanta naku. Ku kuma ku faɗa mini sunan littafi ɗaya tak wanda mutumin ƙasarmu ya rubuta." Muka yi tsuru-tsuru. Can wani daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya ambaci Mamman Gawo Filinge. Baba ya ce, "Ɗana, wannan ai mawaƙi ne." Ya miƙo mana shayinmu, bai ƙara cewa uffan ba.

Mu shida ne a ajinmu, kowannenmu yana shirin karɓar digiri a harshe da adabin Hausa, uku daga cikinmu ma garuruwansu ba su kai tafiyar awa biyu a mota zuwa bakin iyaka ba. Muna iya jero marubutan Ingila da na Kenya da na Senegal, amma ƙasar da muke tarayya da ita a harshe da addini da auratayya, wadda iyakarmu da ita ta kai kimanin kilomita 1,500, ba mu san ko da littafinta ɗaya ba.

Da can ba haka abin yake ba. Kafin Ingila da Faransa su yi yarjejeniyoyinsu na 1898 da 1904 da 1906, su bi daji suna kafa duwatsun iyaka, littafi yana tafiya ne a gafakar malami, malami kuwa ba ya tambayar ƙasar wa ya shiga. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi ne a Maratta cikin 1754, garin da yau yake cikin Nijar, ya kuma bi malaminsa Malam Jibrilu har Agadas domin neman ilmi. Abin da aka rubuta a Katsina ana kwafarsa a Damagaram, abin da aka kwafa a Agadas ana karanta shi a Zariya. Wannan tsohuwar hanya ba ta mutu ba. Ahalari da Iziyya da Risala da Ishiriniya da waƙoƙin ajami suna ƙetare iyaka ba tare da wani ya fassara su ba, domin almajirin Tawa da almajirin Haɗeja baƙi ɗaya suka koya a allo. Rubutun boko ne ya zo ya raba mu.

A ɓangarenmu, Turawan Ingila sun ga amfanin koyar da yara da Hausa a matakin farko, saboda haka suka buƙaci abin karantawa. Hukumar Fassara ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta East, gasar da ya shirya a 1933 kuwa ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Magana Jari Ce ya fara fitowa a 1937, Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi Hukumar NORLA a shekarun 1950, sannan kamfanin NNPC a 1966. A ɓangarensu kuwa, makarantar Faransawa ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Yaron Maraɗi da ya shiga lakwal, da Faransanci ya koyi riƙe alƙalami, idan kuma ya girma ya zama marubuci, da shi zai rubuta, a Faris kuma zai nemi mai buga masa. Sai bayan samun mulkin kai a 1960 aka soma koyar da manya karatu da harsunan ƙasa, aka fitar da ƙananan jaridun karkara, aka kuma buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram cikin 1973. Kafin su ɗaura ɗamara, mun riga mun ba su ratar shekara talatin da ɗoriya.

Ko da suka fara ɗin ma, sai ƙa'idar rubutu ta gitta. Taron da UNESCO ta kira a Bamako cikin 1966 ya ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, Nijar ta ɗauka, Nijeriya ta ci gaba da abin da ta saba. Shi ya sa za ka ga sunan jarida an rubuta shi Gangaa ko Saabon Ra'ayii. An sake zama a Yamai cikin 1980 domin daidaita rubutun ƙasashen biyu, an kuma sami kusanci sosai, sai dai har yanzu inda muke rubuta 'ya'ya su suna rubuta ƴaƴa. Wannan ƙaramin abu ne. Babbar matsalar tana ga dubban mutanen da ba a taɓa koya musu rubutun Hausa ba, waɗanda ke rubuta harshensu da ƙa'idar Faransanci, su sa ou a gurbin u, su sa tch a gurbin c. Mu kan yi wa irin wannan rubutu dariya idan muka gan shi a jikin mota ko a saƙon waya, alhali namu rubutun ma gado ne daga wani Bature.

Duk da haka littafinmu ya shiga Nijar, kuma 'yan kasuwa ne suka shigar da shi. Bayan da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka janye jiki daga ƙagaggun labarai suka koma ga littattafan makaranta, sai matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Ahmed Funtuwa suka cika kasuwa, aka laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano. Waɗannan 'yan littattafai masu arahar takarda su ne suka bi buhunan atamfa da robobi da kaset-kaset, ta Jibiya zuwa Maraɗi, ta Illela zuwa Ƙonni, ta Kongolam da Maigatari zuwa Damagaram. Mai sefa a aljihu yana ganin arahar kayan naira, don haka fataken ba su yi asara ba. Baba ya ce a gidansu yarinya ɗaya ce ta iya karanta su, da dare sai matan gida su kewaye ta da fitila, ta karanta musu In Da So Da Ƙauna, idan ta kai inda ba su so sai su yi ta Allah wadai da mutumin da ba su taɓa gani ba. Da haka Hausar Kano ta shiga ɗakunan da ake cewa hwara da hili, da haka kuma 'yan matan can suka san sunayen unguwannin Kano tun ba su taɓa taka ta ba.

Wannan shi muke kira musayar al'adu a takardun da muke rubuta wa malamanmu, muna kuma samun maki a kai. Amma fatauci, kamar yadda kakanninmu suka san shi, kai kaya ne da komowa da kaya. Ayarin da ya kai goro arewa yakan dawo da kanwa da gishirin Bilma da dabino. Namu ayarin na littafi shekara da shekaru yana kai kaya, yana dawowa hannu rabbana, mu kuwa muna ta murna da nauyin abin da muka tura.

Kunyar daren nan ce ta sa muka shiga nema. Littafin farko da ya faɗo hannunmu shi ne Sarraounia na Abdullahi Mamani, wanda kamfanin L'Harmattan ya buga a Faris cikin 1980. Da Faransanci yake, ba kuwa wanda ya iya Faransanci a cikinmu fiye da gaisuwa. Sai muka roƙi wata 'yar'uwarmu ɗalibar sashen Faransanci, ta riƙa zama da mu ranar Asabar tana karantawa tana juya mana da Turancin Ingilishi, mu kuma muna mayarwa Hausa a takarda. Abin dariya, abin tausayi: labarin da ya faru a ƙasar Hausa, tsakanin mutanen da suka yi maganganunsu da Hausa, sai da ya bi ta harsunan Turawa biyu kafin ya iso kunnenmu. Ko sunan littafin ma kalmarmu ce ta sarauniya aka yi mata rigar Faransa, har muka ɗauki kwanaki ba mu gane ta ba.

Labarin sarauniyar Aznan Lugu ne, a ƙasar Arewa kusa da Dogon Dutsi, wadda ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Faransa da hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, suka jagoranta a 1899. Wannan runduna ce ta bi garuruwa tana ƙonawa tana kisa, ita ce kuma ta yi wa Birnin Ƙonni kisan kiyashi a cikin shekarar. Birnin Ƙonni fa, wanda ɗan Illela ke shiga cin kasuwa ya dawo gida ya yi azahar. Mun karanta faɗuwar Kano da ta Sakkwato a 1903, mun san Burmi, mun san Satiru, amma ba wanda ya taɓa gaya mana abin da ya sami 'yan'uwanmu shekara huɗu kafin nan, a nisan da bai kai kilomita ɗari daga Sakkwato ba. Wani Bamuritane, Med Hondo, ya mayar da littafin fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na Wagadugu a 1987. Duniya ta sani, maƙwabci bai sani ba.

Ba za mu ɓoye ba, akwai wuraren da littafin ya sosa mana rai. Mamani ya tsaya ne a gefen waɗanda ba su bi tutar jihadi ba, yana kallon Sakkwato da idon mutanen da suka ɗauke ta a matsayin mai neman mallake su. Biyu daga cikinmu sun so mu ajiye karatun. Gaskiya ne kuma ƙagaggen labari ne, masu bincike sun nuna cewa marubucin ya gina babban gida a kan ɗan harsashin da ya samu a bakin mutane. Amma a nan ne muka fahimci abin da littafin maƙwabci ke yi wa mutum wanda nasa ba zai yi masa ba. Mu da muka tashi a kudancin iyaka, tarihin ƙarni na sha tara da murya ɗaya muka ji shi. Sarakunan Katsina da aka kora su ne suka kafa Maraɗi, na Gobir suka kafa Tsibiri, zuriyarsu tana can da nata labarin da nata kirarin. Ba dole ne mu yarda da duk abin da suka faɗa ba. Amma ɗalibin Hausa da bai taɓa jin su ba, rabin Hausawa ya sani.

Da muka ƙara tonawa sai muka tarar abin ya wuce ƙagaggen labari. André Salifou ya rubuta tarihin daular Damagaram a ƙarni na sha tara, aka buga a Yamai cikin 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimu. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar. Bubu Hama, wanda ya rasu a 1982, ya bar littattafai masu ɗimbin yawa a kan al'ummomin ƙasarsa. Duka da Faransanci. A namu ɓangaren Yusufu Bala Usman ya rubuta tarihin Katsina da Ingilishi, aka buga a Zariya cikin 1981. Watau yaƙin da aka gwabza tsakanin Sarkin Kano Alu da Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga, rabinsa yana cikin harshen Landan, rabinsa yana cikin harshen Faris, jikokin mayaƙan kuwa ba mai iya karanta rabin ɗan'uwansa. Harshen da zai haɗa rabin biyu shi ne wanda mayaƙan suka yi kirari da shi, shi ne kuma aka bari a baya.

Me ya hana? Mun yi ta juya wannan tambaya. Kamfanin ɗab'i a ƙasar nan manhaja yake bi, littafin da hukumar jarrabawa ta sa a jerinta shi ke da kasuwa, ba mu kuwa taɓa cin karo da marubucin Nijar a jerin da muka yi jarrabawa da shi ba. Littafin da aka buga a Faris da kuɗin Turai ake sayensa, idan aka juya farashinsa zuwa naira sai ya haɗiye kuɗin abincin ɗalibi na makonni. Arahar da ta tura namu arewa, ita ce ta zama tsadar da ta hana nasu gangarowa. Akwai kuma kamfanoni a Yamai, irin su Albasa da Gashingo, da hukumar INDRAP mai shirya littattafan makaranta, waɗanda suka buga abubuwa da Hausa, amma falken da ya kai buhu Maraɗi ba shi da wanda ya yi masa sautun su a Kano. Ba ya ɗauko abin da ba a tambaya. A nan laifin ya dawo kanmu, mu masu karatu.

Kada kuma a ce fassara ce ta gagare mu. Tun 1975 aka buga Gandun Dabbobi a Ibadan, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell. Shaihu Umar ya shiga Ingilishi a 1967. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat, wani kamfani ne a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. Littafin Hausa ya san hanyar Indiya, littafin Ingila ya san hanyar Hausa. Hanyar Damagaram zuwa Kano ce ta yi nisa.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna mana raunin zumuncin da ya dogara ga buhun falke kaɗai. An rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, a cikin shekarar kuma hukumomin ƙasar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Mun yi ta tafi da muka ji wannan labari, kamar mu aka yi wa sarauta. Amma ƙasar da ta ɗaga Hausa zuwa wannan matsayi za ta buƙaci littattafai, za ta kuma haifi marubuta, ba mu ga alamar mun shirya karanta su ba. Wasu abokanmu na cewa wayar hannu ta riga ta kashe wannan magana, tunda labarin da aka rubuta a Gusau da safe ana sauraronsa a Tawa da yamma. Haka ne, waya ba ta tsayawa a shingen kwastan. Sai dai ba ta fassara Salifou, ba ta gyara rubutu, ba ta ajiye littafi a ɗakin karatu inda ɗalibin shekara ashirin masu zuwa zai same shi.

Da muka haɗa shafuka goma sha biyu na fassararmu, sai muka kai wa Baba muka karanta masa. Ya saurara har shayinsa ya ƙone. Ya gyara mana sunayen garuruwa, domin mun bi rubutun Faransa mun karkatar da su. Da muka ambaci hafsoshin nan biyu sai ya ajiye ludayi, ya ce ai kaburburansu suna Maijirgi, ba nisa da Tasawa, nan sojojinsu suka juya musu baya suka harbe su, kakarsa ma takan ba su labarin gudun da aka yi a shekarar. Muka ce ashe ya san littafin. Ya ce, "Ina fa, 'ya'yana. Ni Faransancina na cin kasuwa ne. Yau na fara jin abin da ke cikinsa." Littafin da muke jin kunyar ba mu sani ba, shi ma ɗan ƙasar a rufe yake gare shi, sai da ya zo Kurmi ya ji shi a bakin yaran Nijeriya.

Da zai tafi gida babbar salla, ya karɓi hoton shafukan nan ya cusa a jaka tare da littattafan Kano da ya saya wa jikokinsa. Mun yi masa sautu, muka ce duk abin da ya samu da Hausa wanda aka buga a can ya taho mana da shi. Bayan wata biyu ya dawo da ɗan littafin karatu na 'yan firamare, bugun Yamai, bangonsa ya sha hannu, ya ce jika guda ya saye shi a wurin wani malamin lakwal. Muka karɓa da hannu biyu, muka sa shi a kabad ɗin sashenmu, ya riƙa zagayawa daga hannu zuwa hannu. Ranar da ya dawo gare mu muka buɗe, sai muka tarar wani ɗan'uwanmu mai himma ya bi shi shafi-shafi da jan biro, duk inda ya ga ƴ ya soke ya rubuta 'y a samansa.